Ɗankwangila Ba Zai Je Kaduna Ba

"Lafiya lau muka tashi, Maigida. Ya iyali? Mi ke cikin tasata?"

"Ba komai, Dada."

"To ba-komai ɗin nan naka yana da ƙafafu, don ina jin shi yana ƙwaƙular marfi."

Ɗanliti ke nan, jikana, tsaye bakin ƙofar ɗakina da hantsi, ya rungume tasa a ƙirji kamar an ba shi ajiyar zinariya. Shekararshi takwas a lokacin. Sunan marigayi Malam mijina aka sa mashi, don Malam bai cika wata biyu a ƙasa ba aka haife shi, saboda haka bakina ba ya kama sunanshi na yanka. Maigida nake ce mashi, shi kuma ya ɗauki muƙamin da gaske. Tun ranar da aka kawo mani shi yaye bai sake kwana ɗakin uwarshi ba.

Tasar kuwa fara ce mai jan baki da furanni, ita ce ta saman jerena. Malam ya sayo mani ita a Funtuwa, kuma sau biyu kacal aka taɓa cin abinci a cikinta.

"Buɗe," na ce.

Ya buɗe. Buzuzu ne baƙi ƙirin, girman goro, yana sheƙi kamar an shafa mashi man gyaɗa, ga dunƙulen kashin shanu a gefenshi, ɗanye shar.

"Baƙo ne," in ji Ɗanliti. "Ke kika ce baƙo da kwano mai kyau ake tarbarshi."

"Baƙon da ya zo da irin wanga guzuri?"

"Ya fi naki baƙin. Su hannu rabbana suke zuwa, su cinye tuwo su ce miya ba gishiri."

"To ka gaya wa baƙonka zakarana bai karya ba. Kafin in ƙirga yatsun hannuna, ko ya bar tasar nan ko ya sauka a cikin zakara."

"Sai in sake ki."

"Sake ni. Ka rubuta takardar in gani, kai da allonka ya shekara a wuri guda."

Na fara ƙirge. Ban kai na huɗu ba ya juye baƙo cikin hularshi ya fita yana ƙunƙuni. Sau bakwai na wanke tasar nan da toka. Amma da la'asar na ga yaro zaune bayan rumbu ya kasa cin abinci, ya rufe hula da tafin hannu, sai na jawo wata tsohuwar tukunya da ta tsage, na ce ya cika ta da ƙasa mai laima, na ba shi tsohuwar rariya ya rufe, don abin yana da fiffike. Nan Ɗanliti ya kafa gida na biyu.

Ni na raɗa wa ƙwaron suna. Shekarun nan ne kuɗin fetur suka hau wa ƙasa kai, duk wanda ya iya ɗaura agogo sai ya ce shi ɗan kwangila ne. Akwai wanda aka ba aikin gadar ƙauyenmu, can bayan Mairuwa, ya jibge yashi da duwatsu, aka ɗauke shi hoto, ba mu sake ganin ƙeyarshi ba. Da na zauna na kalli buzuzun nan yana aiki, kai a ƙasa, ƙafafun baya a sama, yana tura kaya da baya-baya bai san inda za shi ba, in ya gaji ya binne kayan ba mai ganin abin da aka yi, sai na ce wanga ai Ɗankwangila ne. Sunan ya bi shi.

Damina guda cur, kullum da safe Ɗanliti zai je turken shanun huɗar ubanshi da sakaina ya ɗebo wa Ɗankwangila kalaci. Sau ɗaya tak aka bar mani kiwon, ranar da suka je biki Ruwan Godiya. Na dubi girmana na dubi turke, na ce ba da ni ba. Na gutsuro tuwon dawa mai laushi, har da ɗan miyar kuka, na sa mashi. Ƙwaron nan ya haye bangon tukunya ya juya mani baya yini biyu. Har yau ba a bar yi mani gorin wannan tuwo ba.

To, aka cire gero, dawa ta fara nauyin kai, sai ga Harisu ya dawo daga Kaduna. Shi ne uban Ɗanliti, ɗana na uku, shi ya sa nake kiran sunanshi gatsau. Ya samu aiki a masaƙa, ya zo da rediyo a kafaɗa da wando mai faɗin ƙafa wanda ke share mani tsakar gida kyauta. Ya sayar da shanun huɗa, ya ce ya zo kwashe matarshi Barakatu da yara, an riga an yi wa Ɗanliti maganar makaranta.

Ran tafiya, kaya sun fito, motar Funtuwa za ta tashi daga Mairuwa kafin azahar. Ɗanliti ya ɗauko tukunyarshi zai jera cikin kaya, uban ya ce ba mai sa mashi kashin shanu kusa da katifa sabuwa. Yaro ya juya da tukunya ya shige ɗakina, ya kutsa ƙarƙashin gado.

Harisu ya zo ya durƙusa bakin ƙofa. "Dada, ki yi mashi magana. In kuma kin ce a bar maki shi, sai a bar maki shi. Ba zan raba ku da ƙarfi ba."

Kalma guda ce, kuma tana kan harshena. Sai dai na san gwiwoyina, na san idona, na kuma san yaron da ya rage wa tsohuwa ita kaɗai, ɗan aike yake zama har ya yi gemu. Na ce wa Harisu ya je ya ƙarasa ɗaurin kayanshi, mu da mijina muna da shawara.

Na shiga na zauna bakin gado.

"Salamu alaikum, masu gida. Ƙaura aka yi zuwa ƙasa?"

"Ba na nan."

"To wa ke magana?"

"Ɗankwangila ne. Ya ce a gaya maki ba inda za mu."

"Ka ce ina gaishe shi, kuma warinshi ya riga shi amsa sallama."

"Ba shi ba ne. Daddawarki ce da kika ɓoye nan tun bara kika manta."

"Allah ya shirye ka. Miji ne wanga? Ana kiranka birni, inda ake taɓa bango wuta ta kama, kai kana kwance da tsofaffin takalmana."

"Miji na ƙwarai ba ya tafiya ya bar mata mai haƙori uku."

"Huɗu."

"Na huɗun yana rawa. Ba a sa shi cikin mutane."

"Ni dai na gaji da auren nan. Shekara shida ina ciyar da kai, ina wanke maka tabarma ban gaya wa kowa dalili ba. Mi ka taɓa kawowa gidan nan? Ƙwaro. Sauran mata ana kawo masu atamfa, ni aka kawo mani mai cin kashi."

"Wa ke zura maki zare a allura?"

Na jawo mafici ina fifita, shi kuma ya ci gaba.

"Wa ke gaya maki an kira salla in kunnenki ya tafi yawo? Wa ke taka maki baya? Rannan da kika ɗauko kanwa za ki zuba a shayi, wa ya riƙe maki hannu?"

"Gwaji nake, in ga ko kana lura."

"In na tafi, kanwa za ki sha."

Na gyara ɗaurin kallabina, duk da ba abin da ya same shi.

"Kai kake ganin ba ni da manema," na ce. "Malam Nata'ala mai shanu sau biyu yake wucewa ta ƙofar nan kullum, yana gyara rawani."

"Shi da ba ya gani? Shekaranjiya jakin Lawwali ya yi wa sallama, har yana tambayarshi ya jikin tsohuwa."

"Ya fi ka ladabi ke nan."

Na ji ɗan tari, irin na mai danne dariya. Can sai kai ya leƙo, duk yanar gizo.

"To ki ce wa Baba a tafi da shi. Ke yana jin maganarki."

"Ka taɓa zuwa Kaduna? Ni na je, shekarar da aka yi wa goggonka aikin ido. Ƙasa duk siminti. Tsakar gida siminti, bakin ƙofa siminti, ko kaza ba ta samun inda za ta yi tono. Saniya kuwa, unguwar da ubanka yake, sai an yanka ta ake ganinta. Mi zai ci? Burodi?"

"Sai in ba shi tuwo da miyar kuka, kamar yadda wata ta yi."

"Watan ai ta tuba. Ni dai na gaya maka, kwana uku zai yi ya juya ƙafafu sama, ka share shi da tsintsiya."

Ya fito gaba ɗaya yana jan tukunya, ya zauna a ƙasa ya sa ta tsakanin ƙafafunshi. "Shi ke nan. Ya zauna, ni ma in zauna."

"Ko ka zauna ba ganinshi za ka yi ba. Gaya mani gaskiya, kwana nawa rabon da ya fito aiki da hantsi?"

Ya ɗaga rariya ya leƙa. Kalacin jiya na nan, an ɗan taɓa gefe guda. "Ya rage aiki," ya ce a hankali. "Na ɗauka ba shi da lafiya ne. Ban gaya maki ba don kada ki ce a ba zakara."

"Lafiyarshi lau. Ruwa ne ya ɗauke. Na fi shekara hamsin ina kai taki gona, ban taɓa cin karo da buzuzu da rani ba. Ƙasa suke shiga, can ciki inda sanyi yake, su yi lamo. Ran da ruwan fari ya sauka sai ka ga sun fito kamar an yi masu shela. Amma ba cikin wagga tukunya ba. Ƙasar cikinta ba ta wuce taƙi ɗaya ba, rana za ta gasa ta kamar kaskon tuya."

"To ya za a yi?"

"A fasa gindinta, a binne ta kusa da randa inda ruwa ke ɗiga. Ya samu hanyar nutsewa iya son ranshi."

"In an fasa gindin zai gudu."

"Zai iya."

"Kin ce zai iya, kuma ki ce a fasa?"

"In ka rufe shi don kada ya tafi, a hannunka zai bushe. Gara ya tafi inda zai rayu, in ya ga dama ya dawo." Tukunyar nake kallo da na faɗi haka, don in na kalli yaron maganar ba za ta fita ba.

Daga waje na ji Barakatu tana tambaya ko an ga murfin bokiti, na ji rediyon Harisu na ta surutu shi kaɗai. Ɗanliti ya daɗe yana zagaya bakin tukunya da yatsa. Sannan ya miƙe zaune, ya gyara hula, ya yi gyaran murya irin ta dattawa.

"To, ki saurara. Miji in zai yi tafiya, wakili yake bari a gida."

"Haka ne. Wa za ka bar mani? Liman?"

"Ɗankwangila."

"Ƙwaro ne zai riƙe mani aure?"

"Duk wanda ya zo zance wurinki, ya fara durƙusawa bakin randa ya gaishe shi. Malam Nata'ala ba zai ga bambanci ba."

"Ka cuce ni."

"Kuma kullum da safe ki kai mashi kalaci, har ranar da ya daina ɗauka. Mai ɗumi, ba na jiya ba."

"Daga ina? Ubanka ya sayar da shanu ya sayi wandon shara."

"Turken Malam Nata'ala. Kin ce yana son ki."

"Ni da na aurar da 'ya'ya bakwai, a gan ni da sakaina ina bin bayan shanun mutane? Mi zan ce wa gari?"

"Ki ce magani ne. Tsofaffi komai suka ɗauko cewa ake magani ne."

"In aka ce na mi?"

"Na haƙori na huɗu."

Na ɗaga mafici zan kai mashi, ya goce. Ya ci gaba kamar mai karanta wasiyya: in ya nutse, in riƙa zuba ruwan wankin hatsi a wurin kada ƙasa ta yi tauri, kada in bar zakara ya yi tono nan, kada in share wurin da ƙarfi, don ni shara nake kamar ina faɗa da ƙasa.

Na bari ya gama. Akwai abin da na so in haɗiye, amma ban saba karɓar amana da rufa-rufa ba, ko ta ƙwaro ce.

"Saura magana guda, Maigida, kuma ita ce za ta hana ni karɓa. Ba kullum wanda ya shiga ke fitowa ba. Buzuzu ma yana aure. Cikin dunƙulen nan da suke binnewa ake ajiye ƙwai. Wani sa'in uban can yake ƙarewa, in ruwa ya sauka ɗan ne zai fito, baƙi kamar shi, da baya-baya kamar shi, ba mai iya rantsuwa. Sai ka dawo ka duba ka ce ba naka ba ne, na yi maka musanye, ka kai ni ƙara gaban mai gari. A'a. Nemi wani mai riƙon. Ni ba na karɓar abin da ban tabbata zan mayar ba."

Na ɗauka kuka zai yi. Ya dube ni sama da ƙasa, irin kallon da yake mani in na sa zane a bai-bai.

"To mi ne ne a ciki? Malam ma ya shiga ƙasa, ni na fito, kika amsa kika ce mijinki ne. Shekara takwas ban ji kin kai ƙara wurin kowa ba."

Bakin nan nawa da ya kori dillalai uku daga gidan nan, ya sa mai awo ya canza hanya, rannan ya tsaya cik. Sai dariya ta zo, na yi ta har na dafa gado, har ido ya kawo ruwa, ruwan kuma ya ƙi tsayawa inda dariya ta tsaya.

"Kuka kike, Dada?"

"Warin wakilinka ne ya shiga mani ido. Ɗauko fartanya."

Muka fito bakin randa. Ya fara tono, hannu ba ƙwari, ƙasa ta ƙi. Harisu na tsaye yana duba agogo. Ya duba sau biyu, sannan ya naɗe ƙafar wandon nan har gwiwa, ya karɓi fartanya, ya haƙa rami mai kyau, don hannun bai manta ba tukuna. Na ɗauko ɗan dutsen niƙa na ƙwanƙwasa gindin tukunya a hankali har ya zube. Ɗanliti ya saukar da ita da kanshi, ya tura ƙasa gefe-gefe ya danna da tafin hannu. Ya sunkuya bakin rariya ya yi raɗa. Ban ji abin da ya ce ba, kuma ban tambaya ba.

Na koma ɗaki na miƙa hannu saman jere. Na cika tasar da dakuwa da ƙuli-ƙulin da na kwana biyu ina ɓoyewa, na ɗaure da ƙyalle na miƙa mashi.

Ya ƙi sa hannu. "Wannan ai tasar ce."

"Ina da ido, duk da abin da kake faɗi. Aro ne, ba kyauta ba. Ran da ruwan fari ya sauka ina son tasata a ɗakin nan, kuma ba aike ba, wanda ya ɗauka shi zai dawo da ita. Harisu, ka ji?"

"Na ji, Dada. In Allah ya kai mu, da hutun farko."

"In na ga tabo ko ɗaya a jikinta, auren ya mutu, in koma wa mai gaida jaki."

Ɗanliti ya karɓa ya rungume ta a ƙirji, daidai yadda ya rungume ta ranar farko. Uwarshi ta ɗauki ƙanwarshi, aka ɗora kaya a kai, aka nufi zaure. Ni na tsaya tsakanin randa da tukunya, ƙafata ta ce nan za ta iya. Har ya sa ƙafa ɗaya a zaure sai ya juyo.

"Dada."

"Mi kuma? Ka manta wata dokar?"

"Ran da ruwan fari ya sauka baƙi biyu gare ki, ni da Ɗankwangila. Ki dai lura da kyau, kada ki musanya mana kwano."